Ranar da Gwaggo Indo Ta Bi Sawun Ɗiyata

Duk wanda ya san Gwaggo Indo ya san tana amsa sallama ne idonta na kan ƙafarka. Kana shigowa za ta sauko da tabarau kan karan hanci, ta ƙura ma takalminka ido, sannan ta faɗa maka inda ka fito. A cikin sau goma da ƙyar ta dace sau biyu.

"Rabi, daga kasuwa kike."

"Daga gida nake, Gwaggo."

"To ki koma ki yi shara. Tsakar gidan da ke mai da ƙafa haka ba shi da maraba da kasuwa."

Ba a kada ta. Ko kai ne da gaskiya, sai ka fito kana duba ƙafarka.

Yayar babana ce. A Kankia ta yi aure, ta yi shekaru tana aikin shara da wankin zannuwan gado a wani asibiti can, bayan rasuwar mijinta ta dawo Kusada ta zauna a ɗakin da ke jikin zauren gidanmu. Da girmanta ta koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da hannunta ya iya riƙe biro bai sake shi ba. Tunda aka ce kowa ya rubuto abin da ya tuna da ita a tura zauren dangi na waya, ni nawa labarin na ranar da ɗiyata ta ɓata ne, na kasa buɗe baki in faɗa ma kowa. Amma sai na fara da Tabawa, in ba haka ba yaranmu na Kano da Kaduna ba za su gane abin da ya sa wajen Gwaggo na nufa ba.

Tabawa ba mutum ba ce, Gwaggo ce ta ƙirƙiro ta. Wata bazawara ce mai tsohon babur, in an sa lada a kan ɓarawo ko wanda ya gudu daga hannun hukuma, ita ke bin sawunsa ta kamo shi ta karɓi ladanta. Ba ta da bindiga, makaminta muciya da baki, kuma kullum cikin yunwa take. Babur ɗin nata ba ya tashi sai an tura, sau da yawa ɓarawon da ta kamo ɗin ne ke tura mata shi har ofishin 'yan sanda. Da hannu Gwaggo ke rubuta labaran, a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Matan unguwa su karɓa aro, littafi ya zaga gida goma ya dawo da tabon manja da ƙanshin daddawa. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, sauran karatun a wajen Tabawa na ƙarasa shi.

Ba ta wasa da takarda. Rubutunta ƙanana ne kamar jerin kiyashi, ta cika layi, ta cika gefe, ta juya ta cika cikin bango. Kuma ba ta taɓa ci gaba da labari a littafi na biyu ba, ta ce wannan almubazzaranci ne. Duk inda aka kai, in takarda ta ƙare, dole a kama wani. Akwai labarin da aka sace bijimin wani makiyayi, tun daga farko komai na nuna wani dillali ne, muna ta jiran a damƙe shi. Shafin ƙarshe sai ga Tabawa ta cafke wani mai shayi.

Na ce, "Gwaggo, mai shayin nan me ya yi? Yanzu fa ya shigo labarin."

"Shi ne a kusa."

"To dillalin fa?"

"Dillalin ya gudu Kunduru. Layi shida suka rage mani. Babur ɗin Tabawa ba ya kai Kunduru a layi shida."

Mutanen gari kuwa tsoron bironta suke. In ka ɓata mata rai ba ta yi maka faɗa, sai dai bayan sati biyu ka ji mata na dariya in ka gitta. Kun tuna Mamman mahauci? Ya taɓa cika mata leda da ƙashi. Littafin da ya biyo baya, ɓarawon mahauci ne mai giɓi, mai karkata hula gefen hagu. Matarsa ce ta karanta mashi. Da muka ji sallamarsa a zaure muka ce yau akwai rigima. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana murza hula.

"Gwaggo, ni ban ce kar a sa ni ba. Amma a ce mace ta ishe ni ɓoye cikin rumbu ina atishawa? Ni da na yi dambe da ƙuruciya, har Kankia an san hannuna?"

"To me kake so?"

"Ko naushi ɗaya ne a bar ni in kai."

Ta yi lissafi da yatsu. "Naushi ɗaya, tsoka ɗaya."

Daga ranar ba ta sake ganin ƙashi a namanta ba. Ta kuma cika alkawari. A littafi na gaba mahaucin ya kai naushi, Tabawa ta sunkuya ɗaukar ƙosanta da ya faɗi, hannunsa ya sami gindin kuka.

Abin bai tsaya a takarda ba. Gwaggo ta yarda duk abin da Tabawa ke yi ita ma za ta iya. In akuya ta ɓata, ko ɗan kunne, ko agwagwa, wajenta ake zuwa, kuma wani lokacin tana ganowa. Ba ta tashi daga tabarma sai an sa lada, ladan kuwa littafin rubutu ne mai shafi arba'in. Baƙin cikinta ɗaya, ta sha faɗa: "Akuya dai, akuya dai. Garin nan ba mai ɓata sai dabba."

To, ranar da nake son ba ku labari.

Kun san yadda gidanmu da gidan su maigidana muke da kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi mashi wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma kau da kai za ka yi wani ya ɗaga shi. Ni kuma Allah ya yi ni da tsoro. In yarinyar ta yi tari sau biyu na gama hango gadon asibiti. In ta yi barci ya wuce yadda ta saba, sai na ƙirƙiri abin ɗauka a ɗaki don in ga cikinta na ɗagawa. Duk wannan a ɓoye nake yi, fuska kuwa kamar ba ni na haife ta ba. Lokacin tana da shekara ɗaya da wata tara, tana shan nono.

Damina ce, an yi ruwa da asuba, kududdufin bayan layinmu ya cika har yana taɓo hanya. Da hantsi na bar ta tana barci na leƙa maƙwabta barkar haihuwa. Ban daɗe ba. Na dawo na ishe gado ba kowa.

Facalata Hajara, matar yayan maigidana, tana zaune a inuwa tana tsintar wake.

Na ce, "Yaran gidan nan fa, sun fita ne?"

"Waɗanne yara?"

"Yaran dai."

Ba ta ɗago ba. "Yara suna inda Allah ya aje su."

Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan randa, na duba banɗaki da madafa. Rijiya a rufe take da murfinta, amma zuciyata ba ta yarda ba. Kunya ta hana ni in leƙa haka kawai, sai na ɗauki guga na hau jan ruwa, kowane ja ina kallon ƙasa. Na cika randa, na cika bokiti, na cika har tukunyar da ba a wanke ba. Sai na tuna kududdufi. Na zura hijabi na fita, ban san sanda na kai zauren Gwaggo ba.

Na ishe ta tana rubutu. Na gaishe ta. Na tambaye ta ƙafa, na tambaye ta ruwan da aka yi, na sake tambayar ƙafar. Ita kuwa tana ta kallon tawa ƙafar. Sai lokacin na lura takalmi ɗaya nawa ne, ɗayan silifas ɗin maigida ne na shiga banɗaki. Ta ɗago a hankali. Majanyi na hannuna, bayana ba goyo, gaban hijabina ya jiƙe da nono. Ta rufe littafin.

"Mutum ne ko dabba?"

Na ce, "Mutum."

"Alhamdu lillahi." Sai ta kama baki. "Astagfirullahi, ba haka nake nufi ba. Sunan wanda ya ɓata?"

Na sunkuyar da kai.

"Mace ko namiji?"

"Gwaggo, kin fa sani."

"Ni na sani. Tabawa ba ta sani ba."

Nan hawaye suka kufce mani. Tana ganin haka ta aje biro ta jawo mayafi. Ranar ce kaɗai na ga ta tashi ba a sa lada ba.

Da muka isa gida ba ta kalli rijiya ba ma, ɗakina ta shiga. Ta tsaya tsakiya tana juyawa kamar mai neman alƙibla.

"Ina kike aje kayanta?"

Na nuna mata kwando. Rabin kayan babu, sauran an ninke su tsaf.

"Ina kofinta? Ina fo?"

Babu kofi, babu fo, har 'yar kwalbar man da nake shafa mata babu.

"Rabi, ruwa ba ya cin yaro ya haɗa da fo. Ɓarawo kuma ba ya tsayawa ninki. Wanda ya ɗauke ta ya san ɗakin nan, kuma ya fi ki iya ninke kaya."

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Na tuna surukata, Inna, da ke zaune a ƙauyen Boko, wancan zuwan da ta yi ta tsaya tana ƙirga haƙoran yarinyar da yatsa. Na ce, "Halan Inna ce ta zo ta tafi da ita yaye?"

"Ba a kama mutum da halan. Sai da shaida."

Ta fito ta tsaya kan Hajara.

"Ke Hajara, wa ya shigo gidan nan da hantsi?"

"Ni ban ga kowa ba, Gwaggo."

"To madalla." Ta gyara mayafi kamar za ta wuce. "Akwai wata mata a littafin da nake rubutawa yanzu, mai satar ƙwan maƙwabta. Ban sa mata suna ba tukuna."

Hajara ta aje faranti. "Inna ce. Ta ce lokacin yaye ya yi, kuma uwar ɗan fari ba a shawara da ita. Ta ce in faɗa mata in ta tambaya. To ai ba ta tambaya ba." Ta kalle ni tana danne dariya. "Wallahi so na yi in ga iya inda kunyarki za ta kai. Kin yi ƙoƙari. Ruwan da kika ja ya ishe mu har jibi."

Rabin nauyin ƙirjina ya sauka, rabi ya ƙi. Ban taɓa yini ba tare da ita ba. Na san gidan Inna akwai rijiya, akwai shanu, akwai yaran da ke barin ƙofa buɗe. Sai idona ya gan ta zan yarda. Amma kowa ya san uwa ba ta bin yaro gidan yaye. In ya gan ta aikin ya lalace, in surukai suka gan ta kuma an samu abin faɗa har jikoki. Ina dai ta murɗa majanyi.

Gwaggo ta ce, "Tabawa ba ta rufe bincike sai ta ga wanda ake nema da idonta. Mu je wajen mijinki, shi zai biya."

Maigidana tela ne, shagonsa na bakin kasuwa. Na tsaya daga gefe inda zan ji, Gwaggo ta shiga. Ya sauko daga kan keke ya durƙusa.

"Malam tela, cigiya na zo."

"Ta me, Gwaggo?"

"Wani abu ya ɓata a gidanka."

Ya kama gyara zare a allura, zaren da ke ciki lafiya lau. "Ai... dama tun wancan satin aka ce za a zo a tafi da... abin."

"Abin? Tukunya ce?"

"Yarinyar gidan."

"Wace? Gidanku yara bakwai ne."

Ya hau share gumin wuyansa. Ashe sati guda yana sane. Kullum sai ya shirya zai faɗa mani, sai ya ga in ya ta da maganar kamar ya nuna ya damu da yarinyar ne, sai ya fasa ya ce a ƙara gishiri a miya.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Mutum biyu sun haifi mutum, an rasa mai bakin kiran sunansa. To ka ji hukunci. Za ka ba matarka izini ta raka ni Boko, ciwon ƙafa gare ni. Za ka biya ɗan acaba zuwa da dawowa. Lada kuma mai shafi tamanin, don wannan mutum ne, ba akuya ba."

Bai yi musu ba. Har ta juya sai ya jawo wata 'yar leda daga ƙarƙashin keke, ya miƙa mata yana kallon bango. "In kun je. Wani ƙyalle ne ya rage."

Muka hau babur ɗin Ɗanlami, wani dattijon ɗan acaba da ya san Gwaggo tun dawowarta. Ni a tsakiya, ita a baya, ta riƙe ni kamar buhu. Gero ya yi tsayi dama da hagu, hanya duk taɓo. Muna fita gari ta daki kafaɗarsa ta ce ya tsaya. Ta sauka, ta tattare zani, ta duƙa kan wani sawun taya ta daɗe tana dubawa. Har tsinke ta sa ta auna zurfinsa.

"Babur ya bi ta nan da hantsi. Da nauyin babbar mace, da ɗan ƙaramin kaya."

Ɗanlami ya ce, "Ni ne, Gwaggo. Ni na kai su. Da kin tambaye ni tun a tasha."

Ta miƙe tana karkaɗe hannu. "To ka ga na dace."

Kafin mu shiga Boko ta sa ya sauke mu, ta tsara yadda za a yi. Ita za ta shiga ta ƙofa a matsayin baƙuwa. Ni in zaga ta bayan gida, inda dangar kara ta haɗu da rumbu, akwai 'yar kafa a wurin, in leƙa in ga abin da zan gani, kar in yi tari, kar in yi motsi.

Na zaga na sa ido. Ga ta nan zaune a kan tabarma, daga ita sai jigida, kumatu duk kunu, tana ta miƙa ma wata agwagwa ludayi. Ba kuka, ba alamar ta yi kewar kowa. Na yi hamdala. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya ɗan sosa mani rai, ni ina can ina yashe rijiya ita tana nan tana ciyar da agwagwa.

Gwaggo ta yi sallama. Ita da Inna sa'o'in juna ne, tun suna 'yan mata suke tsokanar juna.

Inna ta ce, "Indo, me ya kawo ki Boko cikin wannan taɓo?"

"Zumunci."

"Rabonki da zumunci tun bikin yaran nan. Sai yau?"

"Yau ƙafar ta yarda." Ta miƙa mata ledar. "Ɗanki ya ce a kawo. Wai ƙyalle ne ya rage."

Inna ta zazzage. 'Yar riga ce, an yi mata tattara a wuya. Ta juya ta gaba da baya. "Ƙyalle ya rage, har da aljihu biyu."

Suna cikin haka na ga idon Inna ya sauka gindin danga ya tsaya. Na kalli ƙasa. Karan wurin bai kai ƙasa ba, ƙafafuna na waje, ɗaya da takalmina, ɗaya da silifas ɗin ɗanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In na gudu za a ji, in na tsaya an riga an gani.

Inna ta miƙe. Ta ɗaga kujerarta ta juyo da ita ta fuskanci danga, ta ɗaga murya.

"Ta sha rubutun yaye. Ta sha kunu ludayi uku. Ta yi kuka kaɗan a hanya, muna isowa ta ga agwagi ta manta. Rijiyarmu da murfi, da dutse a kai. Shanu suna daji sai yamma, in sun dawo tana bayana. Kwana bakwai, ni da kaina zan mai da ta."

Gwaggo ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

"Ba da ke nake ba. Da danga nake."

Ta tashi ta dama fura a kwano, ta zuba nono mai yawa, ta rufe da faifai. "Ungo. In kin fita ki ba dangar nan, tun ɗazu take tsaye a rana. Ki ce mata ta ɗaure ƙirji da zani ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi, zai yi mata tauri kwana biyu. Kwanon kuma a dawo mani da shi, na san halin mutanen Kusada."

Har yau Inna ba ta taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Ɗanlami ya tafi sallar azahar, muka zauna gindin wata ɗorawa a bakin hanya muna jiransa, muna shan furar da ludayi ɗaya. Sai lokacin na ji yunwa.

Na ce, "Gwaggo, don Allah yaushe kika gane yaye ne?"

"Tun a zaure. Yaro ya kusa shekara biyu, kaka tana da rai, me ya rage?"

"To me ya hana ki faɗa mani tun can?"

"Da na faɗa maki da kin yarda? Ke da sai kin gani?" Ta lashe ludayi. "Kuma shekara nawa ina jiran mutum ya ɓata."

Na yi dariya har fura ta sarƙe ni. Ita ba ta yi ba. Tana kallon gonar gero ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Ni ma na yi ɗan fari, kafin ubanki ma ya yi wayo. Watansa takwas. Kunya na yi mashi irin wadda ake yabo, har uwar mijina na ba da misali da ni. Ranar da zazzaɓi ya kama shi, sai da na jira wani ya lura ya faɗa. Ya koma ban taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya, ko a ɗaki."

Mu duk mun taso mun san Gwaggo ba ta da ɗa. Ban taɓa jin wani ya ce ta haihu ba.

Ta ce, "Ban ce ki zubar da kunya ba, ado ce. A tsakar gida ki yi abinki. Amma in kin shiga ɗaki kin saki labule, ki kira ta, ta san muryarki da sunanta. In kuma jikinta ya yi zafi, ki buɗe baki, ko gaban wa."

Na ce, "Gwaggo, ya sunansa?"

Ta juya ludayin cikin kwano.

"Usmanu."

Ta faɗe shi a hankali kamar mai ɗanɗana abu. Sai ga ƙarar babur, ta miƙe ta hau yi ma Ɗanlami faɗa wai sallarsa ta fi ta liman tsawo.

Ranar kwana bakwai Inna ta dawo da yarinyar, ta yi kumatu, sanye da riga mai aljihu biyu. A tsakar gida ko kallonta ban yi ba, Hajara na ta yaba mani. Da aka watse na ɗauke ta muka shiga ɗaki, na saki labule, na ce, "Safiya." Ta waiwayo tana neman wanda ya yi magana, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Na sake faɗa. Ta zo ta cusa mani guntun ƙuli-ƙuli a baki.

Yanzu shekararta biyar, tana da ƙane. Tsoron nawa bai tafi ba, har gobe ina duba murfin rijiya sau uku. Amma bara da zazzaɓi ya kama ta da rana tsaka, gidan cike da baƙi, na tsaya tsakar gida na faɗa da ƙarfi, da sunanta, aka ɗauko babur. Likita ya ce gara da aka zo da wuri.

Na so in je in ba Gwaggo wannan labarin yadda ya kamata, sai ciwon ƙafar nan ya kwantar da ita, kullum ɗakin da mutane, na yi ta cewa sai an ragu. Ban samu na faɗa mata ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Indo, ya yafe mata, ya yalwata mata makwanci. Ya haɗa ta da Usmanu a inda ba labule, ta kira shi ya amsa. Mu da muka rage, Allah ya kyauta namu ƙarshen. Amin.